Gauraka Biyu a Zauren Galadima

A zamanin Sarki Ɗanmarka na Birnin Gajima, akwai wata al'ada da ba a san irinta a sauran birane ba. Idan ɗan gidan sarauta zai yi aure, Sarkin Magina ne yake gina masa sabon zaure. In gini ya bushe, sai a tare bangon ciki da zana, Sarkin Magina ya shiga shi kaɗai da jar ƙasa da shuni da gawayi, ya zana duk abin da mutanen gari suke faɗa a kan auren a bayan idon masu shi. Ba ya ragewa, ba ya sayawa, kuma ba a hukunta shi, domin magina abokan wasan gidan sarauta ne tun kafuwar birnin. Ango da ubansa kaɗai suke ganin zanen. Daga nan ango ya ɗauki ƙwaryar farar ƙasa ya shafe shi da hannunsa, kafin dangin amarya su zo jere. Ma'anar abin ita ce ya ji maganar mutane, ya rufe ta, ya karɓi matarsa. Hannun ango kaɗai ke yin wannan shafe. Duk wanda ya yi masa, ko da uban da ya haife shi ne, to ya tuɓe rawaninsa ke nan, ya bar gidan har abada.

A shekarar da muke magana, annoba ta shiga bargar Gajima ta kashe dawakai, har ya zama barade suna zuwa fada a ƙasa. Mutanen Zankama, tsofaffin abokan gaba, suka ji labari, suka fara cin ƙauyukan iyaka ɗaya bayan ɗaya. A duk ƙasar mutum ɗaya ne ya rage da dawakai da sulke, shi ne Madugu Agali, baƙo daga arewa, mai fataucin gishiri, wanda ya daɗe a zangon bayan gari. Dukiya tana gare shi, amma ba a taɓa shimfiɗa masa buzu a fada ba.

Galadima Bagudu shi ne ya ƙulla maganar. Gidansa yana da suna tun kakanni, amma katangarsa duk damina sai ta zube. Yana da ɗa guda ɗaya, Barmo, wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa. Madugu kuma yana da 'ya, Minata, wadda mijinta ya mutu a hanyar hamada. Aka tambayi kowannensu, kowanne ya ce to, ba da murna ba, ba kuma da kuka ba. Sharaɗin da aka yi shi ne, ranar da amarya ta tare a gidan Galadima, ranar Madugu zai kwance wa Sarki dawakansa.

Da safiyar ɗaurin aure, Liman yana shafa fatiha aka buga tambari, sai fatar tambarin ta tsage gida biyu. Dattawa suka dubi juna. Ba a ko tashi ba sai ga manzo ya faɗo fada, ƙafafunsa duk taɓo, ya zube ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba Sarki nasara. Rundunar Zankama ta sauka a ƙetaren Mashigin Kada. Suna jiran ruwa ya ja su haye."

Waziri Ƙosau, wanda ya daɗe yana jin zafin yadda Galadima zai haɗa suna da dukiya a gida ɗaya, ya gyara zama.

"Zaki, tsaron Mashigin Kada gadon gidan Galadima ne, ba mai ja da wannan. Galadima ya manyanta. Ga Barmo nan, ango, jininsa a tafashe. A ba shi dakaru da 'yan baka ya tare mashigin, dawakai su same shi can."

Galadima ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, a ba shi zuwa azahar. Zanen zaurensa bai sha iska ba, ba a shafa farar ƙasa a kan ɗanyen launi."

"Sai mu aika wa Zankama," in ji Waziri, "mu ce su yi haƙuri, bangon Galadima bai bushe ba."

Aka yi 'yar dariya. Sarki bai yi ba. Ya ɗaga hannu, ya ce Barmo ya tashi yanzu.

A ƙofar gari Barmo ya durƙusa gaban ubansa, baka a kafaɗa. Ya ce, "Baba, a bar min zanen a rufe. In na dawo na shafe. Ina so ma in ga irin tsiyar da Baba Mijinyawa ya shirya min." Ya yi murmushi, ya tashi ya bi mutanensa.

Mijinyawa shi ne Sarkin Magina. Uwarsa ce ta shayar da Galadima lokacin da tasa uwar ta rasu, don haka nono ɗaya suka sha, kuma in ba a gaban mutane ba, da sunansa yake kiransa. Galadima ya same shi a zaure yana wanke hannu a kasko.

"Shigo, Bagudu, ka ga kanka. Na ƙara maka ƙiba kaɗan don zumunci."

Galadima ya ɗaga zana ya shiga. A bangon ga wani tsohon doki, an yi masa ado da kayan sarauta, haƙarƙarinsa duk a waje, ya tsoma kai cikin buhun gishiri. Mai riƙe da buhun raƙumi ne, ya naɗa rawani a karkace, yana leƙen wani buzu da aka shimfiɗa a gefe. A ƙarƙashinsu ga gauraka biyu, an ɗaure ƙafar ɗaya da ta ɗaya da igiya, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya. Ƙarshen igiyar ɗaya yana bakin doki, ɗaya yana bakin raƙumi.

Galadima ya daɗe yana kallo. Abin ya yi masa ciwo, domin ba inda aka yi ƙarya.

"Ka cika mugun hannu, Mijinyawa."

"Ni ɗan aike ne. Je ka kasuwa ka ji abin da na rage." Sai ya kama hannun Galadima ya ɗora a bangon. "Rufe ido ka shafa."

Galadima ya san abin da zai ji, domin shi ma ya taɓa zama ango. Magina ba su barin ango da zagi kawai. Tun bango yana ɗanye suke tayar da wani zane da yumɓu, na fatan alheri, sa'an nan su ɓoye shi a ƙarƙashin launi. Sai farar ƙasa ta cinye launin, shi kuma ya fito. A ƙarƙashin tafinsa ya ji gauraka biyu a reshe ɗaya, baki da baki, da sheƙa a tsakaninsu.

"Na daɗe a kan wannan," in ji Mijinyawa, muryarsa ta sauka. "Yaron nan ni na yi masa dokin kara. To yanzu ga shi ya tafi, ga mata za su zo. Ga ƙwarya nan na dama. Cire wannan tulin rawanin da ke kanka ka shafe, mu huta."

"Ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. Ka zo gidana ka zauna, akwai ɗaki. Tuwonmu ba nama, amma ai ka saba."

Galadima ya dubi ƙwaryar. Ya tuna cewa in ya tuɓe rawani yau, Barmo ba ya gari, Waziri zai sa a naɗa wani ɗan'uwansa daga ɗaya ɗakin zuriyarsu, gidan ya fita daga hannunsu. Ya ce a ransa, rawanin nan ajiyar Barmo ce, ba ni da ikon yar da ita. Ya mayar da zana, ya ɗaure da kansa, ya aika a gaya wa gidan Madugu a dakata da jere sai ango ya dawo.

Amma saƙon Waziri ya riga nasa. An riga an gaya wa matan gidan Madugu cewa zaure ya shiryu. Suka zo da guɗa, da tasoshi da tabarmi a ka, Galadima yana masallaci. Su baƙi ne, ba su san al'adar ba. Suka ga zana ta tare bango, suka kwance ta don su sami wurin jingina kaya. Guɗar ta tsaya. Kafin la'asar babu gidan da labarin raƙumi mai rawani bai shiga ba.

Aka kira fada. Madugu Agali ya shigo, dogon tsoho, ya rufe baki da amawalin rawani, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, kusa da takalma.

"Allah ya ba Sarki nasara. Na sauka a zangonku gemuna yana baƙi, ga shi yau ya yi fari. Gishirin da ke miyar kowane gida a birnin nan a bayan raƙumana ya zo. Ban nemi sarauta ba. Na nemi a daina tsayar da ni a nan, in zauna kamar mutum. Ni an ce raƙumi ne, na ji, raƙumi ba abin kunya ba ne a garinmu. Amma 'yata? An ɗaure ta da igiya a bango, 'yan'uwanta mata sun gani da idonsu. Wannan ita ce shimfiɗar da gidan Galadima ya yi mata?"

Galadima ya matso ya faɗi gaban Sarki, sa'an nan ya juya ga surukinsa. Ya yi masa bayanin al'adar a hankali, tun daga farko. Ya ce uban Sarki ma an zana shi kura ranar aurensa, ya yi dariya ya shafe. Ya ce a ƙarƙashin launin nan akwai addu'a, in an shafe za ta fito.

Madugu ya ce, "Madalla. A shafe yanzu in gani. In haka ne, kafin rana ta faɗi dawakaina suna hanya."

Liman ya ce a hankali, hannun ango kaɗai ke shafewa.

"Ba haka ba ne ɗungum, Malam," in ji Waziri, cikin ladabi. "Uban ango yana iyawa in ya so. Kowa a nan ya san abin da ake ajiyewa kafin a ɗauki ƙwaryar. Ga Galadima, ga bango, ba nisa."

Duk idanu suka koma kan Galadima. Ya ji nauyin rawanin a kansa kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Ya duba ya ga Waziri yana jira, ya ga ɗan'uwan nan na ɗaya ɗakin ya riga ya gyara riga. Ya sake gaya wa kansa, ajiyar Barmo ce. Ya sunkuyar da kai, bai taɓa rawanin ba.

Madugu ya gyaɗa kai. "Na gane. A garinku hannu abu ne mai daraja, kowane aiki da hannun da aka keɓe masa. To ni ma a ba ni hannu. A yanke hannun da ya ɗaure 'yata a bango a ba ni. In ba haka ba, gobe in ɗaure kayana in koma inda na fito, da dawakaina."

Madawaki, shugaban barade, ya ce ba a taɓa zubar da jinin magini a kan zanen aure ba, kuma birnin da ya fara haka ya saɓa wa waɗanda suka kafa shi. Waziri ya ce birnin da Zankama ta ƙone ba ya da al'adar da zai kiyaye. Aka yi ta ja har inuwa ta miƙe. Daga ƙarshe Sarki ya ce, "Galadima, zauren naka ne, ɗan da ke mashigi naka ne, maginin kuma ɗan'uwanka ne na nono. Faɗi, mu ji."

Galadima ya zube gaban Sarki. Ya ce, "Zaki, a ba Madugu abin da ya nema."

To, a Gajima Hauni, mai zartar da hukuncin kisa da yanka, ba ya zare wuƙa ranar da aka ɗaura auren gidan sarauta. Sai aka ce sai gobe. Madugu kuma ya ce ba a kwance doki ko ɗaya sai ya gani. Haka dawakai suka kwana a turke, suna cin harawa.

Da gari ya waye aka fito da Mijinyawa bakin kasuwa. Magina duka suka zo suka tsaya a jere. Da ya ga Galadima sai ya ce, "Kai ma ka zo kallo, mai naɗi? Matso, ka riƙe min hular nan kada ta faɗi." Galadima ya karɓi hular. Mijinyawa ya dube shi, ya rage murya. "Kada ka tsaya a kaina, Bagudu. Ana gamawa ka hau. Yaron yana jira."

Aka yi abin da aka yi. Mijinyawa bai yi ƙara ba, sai da aka tsoma dungun a tafasasshen mai.

Nan take Madugu ya kwance dawakai, Galadima da kansa ya ja baraden, da tsufansa, sanye da sulken Madugu. Suka yi ta sukuwa ba hutu. Tun daga nesa suka hango ungulaye suna kewaya sama da kogi. Ruwa ya ja tun jiya da yamma, Zankama kuma sun fara hayewa tun da sassafe. Dakarun Gajima sun tsaya a bakin gaɓa, kibansu sun ƙare, sun koma jifa da duwatsu da sara da gatari, amma ba su ba da mashigin ba. Madawaki ya yi kabbara, barade suka afka. Dawakan arewa suka ratsa ruwa kamar ba ruwa, suka tarwatsa sahun Zankama, suka kora su har cikin kurmi. Kafin rana ta karkata an kama tutarsu, an karya tambarinsu.

Aka sami Barmo a bakin ruwa, a jingine da wani dutse, mashi a ƙirjinsa. Jikinsa bai gama sanyi ba. Wani tsohon ɗan baka ya ce, "Ranka ya daɗe, tun jiya yake ce mana ku riƙe, dawakai suna tafe, Baba ba ya saɓa magana. Da hantsi ma sai da ya hau dutsen nan ya duba hanya."

Galadima ya sauka ya zauna a taɓo, ya ɗora kan ɗansa a cinya. Barade suna ta murnar nasara a ƙetare, shi bai ji su ba.

Da aka koma gari Sarki ya sa aka shimfiɗa wa Madugu buzu a fada, dama da Waziri. Madugu ya zauna a kai, fuskarsa ba walwala, domin 'yarsa ta shiga takaba a karo na biyu, ba ta ko taka ɗakin mijin ba. Ya roƙi a rushe bangon. Sarki ya ba da izini, amma duk Gajima ba a sami maginin da zai ɗaga masa hannu ba. Zanen ya zauna yadda yake, doki da raƙumi da gauraka, ango kuma yana kabari.

Bayan an share makoki, Galadima yana zaune shi kaɗai a zauren da hantsi, sai Minata ta shigo cikin mayafin takaba, wata gwaggonta tana biye. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, an ce ka faɗa a fada cewa akwai wani abu a ƙarƙashin wannan. Gaskiya ne, ko don a kwantar da ran mahaifina ka faɗa?"

"Gaskiya ne, 'yata."

"Ni zanen bai ba ni haushi ba. Da aka ba ni labari na ce ai haka ne, ba mu san juna ba, an ɗaura mu. Amma da safen da Barmo zai fita ya aiko min da goro, ya ce in yi haƙuri da gidan, katangarsa tana zubewa amma mutanensa ba su da mugunta. Tun ranar nake so in san abin da aka yi mana fata."

Galadima ya dube ta, ya dubi bangon. Ya aika a roƙi Mijinyawa ya zo, in zai iya.

Ya zo, ya rame, dungun hannunsa a naɗe da tsumma. Ya tsaya a bakin ƙofa. Galadima ya kasa haɗa ido da shi.

"Farar ƙasa nake so a dama min," in ji Galadima. "Ban san yadda ake yi ba."

"Yaushe ka taɓa sanin yadda ake wani abu?" in ji Mijinyawa. Ya tsuguna, ya danne ƙwarya da gwiwa, ya dama da hagu.

Galadima ya kai hannu ya fara warware rawaninsa, ninki bayan ninki, har ya ƙare. Ya naɗe shi ya ajiye a kan dakali. Iska ta taɓa furfurarsa. Ya tsoma tafinsa a ƙwaryar da Mijinyawa ya tallafa masa, ya fara daga sama. Doki ya tafi, da adonsa da haƙarƙarinsa. Raƙumi ya tafi. Igiya ta tafi. Da farar ƙasar ta fara shan iska, hasken ƙofa ya faɗa a kan bangon, sai ga su sun fito sarai, gauraka biyu a reshe ɗaya, baki da baki, da sheƙa a tsakaninsu. A cikin sheƙar akwai ƙwai guda, wanda tafin Galadima bai gano ba a ranar farko.

Minata ta matsa ta ɗora yatsunta a kan ƙwan, ta ja mayafi ta rufe fuskarta.

Aikin duka bai kai tsawon cin tuwo ba. Bagudu ya tsaya yana duban hannunsa fari fat har gwiwa, yana tuna dawakan da suka kwana a turke.

A waje aka ji bushe-bushe sun tunkaro gidan, domin labari ya riga ya kai fada, Waziri kuma bai ɓata lokaci ba wajen sa a naɗa sabon Galadima. Mijinyawa ya ajiye ƙwaryar, ya ɗauko takalman Bagudu da hagu ya jefa masa a gaba.

"Sa mu tafi. Ɗakin yana nan."